Sam Cooke, mawaƙin da ya fito da muryar coci zuwa kasuwa: tambayoyi da amsoshi

Shekara 33 kacal Sam Cooke ya yi a duniya, kuma 7 daga ciki ne ya yi yana waƙar duniya da sunansa. Duk da haka da wuya ka saurari mawaƙin Amurka baƙar fata da ya zo bayansa ba ka ji ɓurɓushinsa ba. Yawancin masu neman labarinsa da mutuwarsa suke fara tambaya. Za mu zo kanta can ƙasa, bayan an ga wane ne aka kashe da kuma abin da yake ginawa.

Wane ne Sam Cooke?

Mawaƙi ne Ba'amurke baƙar fata, marubucin waƙa, kuma ɗan kasuwa. An haife shi ranar 22 ga Janairu 1931 a garin Clarksdale na jihar Misisipi, ya rasu ranar 11 ga Disamba 1964 a Los Angeles. Ya fara yin suna a waƙoƙin bishara, sannan a 1957 ya tsallaka zuwa waƙoƙin soyayya da nishaɗi, bai kuma bar salon coci a baya ba, da shi ya tafi.

Shi ne ya ƙirƙiro kiɗan sol?

Ba shi kaɗai ba. Tun 1954 Ray Charles ya ɗauki karin waƙar coci ya ɗora masa kalaman soyayya a "I Got a Woman", James Brown kuma ya fito a 1956 da irin roƙo da kururuwar masu wa'azi. Kiɗan sol haɗin gambiza ne na waƙar bishara da kiɗan rawa na unguwannin baƙaƙe, kuma hannaye da yawa suka dama shi.

Abin da ya bambanta Cooke shi ne matsayin da yake da shi kafin ya tsallaka. Ray Charles bai taɓa zama tauraron waƙar bishara ba. Cooke kuwa shi ne matashin da duk majami'un baƙaƙe ke ji da shi, yana da suna, yana da abinci a wannan fage, kuma ya san idan ya fita ya faɗi ba lallai a karɓe shi ya dawo ba. Da ya fita ya ci nasara, sai ƙofa ta buɗe wa sauran. Saboda wannan kasadar da abin da ta haifar ake kiransa ɗaya daga cikin iyayen sol, kuma a ganina ya cancanci sunan.

A ina ya taso?

A Shikago. Yana da shekara 2 mahaifinsa, Fasto Charles Cook, ya kwashi iyali daga Misisipi a 1933 ya yi Arewa, kamar yadda miliyoyin baƙaƙe suka yi a wancan zamani don gudun talaucin gonakin auduga da wulaƙancin dokokin wariya na Kudu. Sam ne na 5 cikin 'ya'ya 8. Tun yana ƙarami shi da 'yan'uwansa suke rera waƙa a gaban jama'a da sunan Singing Children, suna ɗumama taro kafin mahaifinsu ya hau wa'azi. Ya yi sakandare a Wendell Phillips, makarantar da shahararren mawaƙi Nat King Cole ya taɓa karatu. Yana saurayi ya zama jagoran ƙungiyar Highway QC's, daga nan manyan fagen suka fara jin labarinsa.

Sunan gidansu Cook ne. Harafin "e" na ƙarshen Cooke shi ya ƙara da kansa lokacin da ya shiga waƙar duniya.

Me ya yi a Soul Stirrers da har yau ake maganarsa?

A 1950 R. H. Harris, jagoran ƙungiyar waƙar bishara ta Soul Stirrers kuma gwanin da kowa ke kwaikwayo, ya ajiye aiki. Aka ɗauko yaro ɗan shekara 19 aka ce ya tsaya a gurbinsa. Mutane da yawa sun ga kamar ganganci ne. A 1951 ƙungiyar ta shiga situdiyon kamfanin Specialty na Art Rupe, suka naɗi "Jesus Gave Me Water" da muryar sabon yaron, faifan ya karɓu, bakin masu shakka ya mutu.

Ya kamata a san yadda fagen yake a lokacin. Ƙungiyoyi da dama ake tarawa a zaure ɗaya, kowacce ta fito ta gwada gwanintarta, kuma wadda ta fi girgiza jama'a, har mata su riƙa kuka suna faɗuwa, ita ce ta ci ranar. Akwai masu tsawa irin su Archie Brownlee na Five Blind Boys of Mississippi, waɗanda babu mai kai su ƙarfin maƙogwaro. Cooke bai yi gasar tsawa da su ba. Ya riƙa shiga waƙa a hankali, yana ba da labari tiryan-tiryan, yana jan mai sauraro har sai ya kai shi inda yake so. 'Yan mata da a da ba sa zuwa irin wannan taro suka fara cika kujerun gaba.

Shekara 6 ya yi a haka, a mota daga wannan gari zuwa wancan. Duk wanda ke son jin abin da ake nufi ya nemi "Nearer to Thee" da aka naɗa a zauren Shrine na Los Angeles a 1955, ya saurari yadda zauren ke tashi a hankali har ya rikice. Akwai kuma "Touch the Hem of His Garment" ta 1956, wadda ya rubuta da kansa daga labarin Injila na matar da ta taɓa gefen rigar Yesu don neman waraka. Cikin minti biyu ya gama labarin, babu kalma ɗaya ta banza. Gwanintar rubutunsa tun daga nan take.

Me ya sa barin waƙar coci ya zama abin ce-ce-ku-ce?

Domin a wurin masu ibada na wancan lokaci waƙa iri biyu ce, ta Ubangiji da ta shaiɗan, kuma ba a haɗa su a baki ɗaya. Cooke ya san haka. Shi ya sa faifansa na farko na soyayya, "Lovable", ya fito da sunan Dale Cook. Waƙar kuwa karin wata waƙar bishara ce ta Soul Stirrers aka sauya mata kalmomi, kuma ba wanda ya ruɗu, muryar ba ta ɓuya. Ya rabu da ƙungiyar a 1957, Johnnie Taylor ya maye gurbinsa.

Waɗanda suka ji zafi ba mahaukata ba ne. Coci ita ce wuri ɗaya da baƙar fata ya mallaka gaba ɗaya, kuma suna ganin ana kwashe abu mafi daraja da suke da shi ana kai wa gidajen rawa. Shi kuma yana ganin baiwarsa ta fi ƙarfin kuɗin da ake tarawa a faranti. Bai taɓa zagin inda ya fito ba, kuma da ya kafa kamfaninsa, Soul Stirrers ne ya fara ɗauka.

Wace waƙa ce ta fito da shi duniya?

"You Send Me", a 1957. Art Rupe ya shiga situdiyo ya tarar furodusa Bumps Blackwell ya kawo mawaƙan amshi farare ana yin wani abu mai laushi, ransa ya ɓaci, aka yi cacar baki. Ƙarshenta Blackwell ya tafi da Cooke da naɗin zuwa wani ƙaramin kamfani mai suna Keen. Waƙar ta kai lamba 1 a jadawalin Billboard, na baƙaƙe da na ƙasa baki ɗaya.

A watan Nuwamba na shekarar aka gayyace shi shirin talabijin na Ed Sullivan, lokaci ya ƙure aka yanke shi yana tsakiyar waƙa. Masu kallo suka yi ta ƙorafi, aka sake kiransa bayan wata guda. Daga nan waƙoƙi suka yi ta biyo baya: "Wonderful World" da "Chain Gang" a 1960, shekarar da ya koma babban kamfanin RCA, "Cupid" a 1961, "Twistin' the Night Away" da "Bring It On Home to Me" a 1962, "Another Saturday Night" a 1963. Mafi yawansu shi ya rubuta. "Chain Gang" ma daga ganin fursunoni ɗaure suna aikin titi a Kudu ta samo asali, duk da cewa matasa rawa suka yi ta yi da ita.

Mene ne sirrin muryarsa?

Na farko, kowace kalma tana fita tsaf, ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai tsinci abin da yake faɗa. Na biyu, ba ka taɓa jin yana wahala, ko a saman murya ne. Na uku shi ne 'yar lanƙwasar nan da ta zama tambarinsa, inda yake ɗaga murya ya gangaro da ita yana karkaɗawa a tsakanin layi da layi. Sannan a ƙarƙashin laushin akwai 'yar ƙaiƙayi da ke fitowa idan ya matsa, wadda ke tuna maka cewa ɗan fasto ne.

Yana kuma son a amsa masa. A "Bring It On Home to Me" shi da abokinsa na ƙuruciya Lou Rawls suna jefa wa juna kalma ɗaya, wannan ya ba wancan, wancan ya maido. Wanda ya saba jin makaɗi da 'yan amshinsa ba zai ji baƙunci a wurin ba.

Gaskiya ne yana da fuska biyu, ta farare da ta baƙaƙe?

Akwai faifai biyu da suka sa ake wannan magana. Ɗaya an naɗe shi a watan Yuli 1964 a Copacabana, gidan shaƙatawar masu kuɗi na Niyok, inda ya taɓa zuwa a 1958 abin bai yi kyau ba, ya ƙudura sai ya koma ya rama. A can za ka ji shi cikin kwat, a natse, yana rera waƙoƙin da farare suka saba da su. Ɗayan an naɗe shi ranar 12 ga Janairu 1963 a Harlem Square Club, a unguwar baƙaƙe ta Mayami, tare da King Curtis mai busa. A nan muryar ta shaƙe, gumi ake yi, yana yi wa jama'a magana suna mayar masa, waƙoƙin da ka sani masu laushi sun zama wuta. RCA suka saurara suka ga wannan ba shi ne Sam Cooke ɗin da suke sayarwa ba, suka ajiye naɗin. Sai a 1985 ya fito, bayan shekara 22.

Wasu na cewa na Mayami ne na gaskiya, na Niyok kuwa riga ce ya ara. Ban yarda da wannan ba. Mutumin yana son Nat King Cole da gaske, yana son coci da gaske, kuma ya yi imani babu zauren da ya fi ƙarfinsa. Laifin da ke wurin na kamfani ne da ya zaɓa wa duniya rabin da za ta ji. Mutanen da suka mutu kafin 1985 ba su taɓa zuwa wasansa ba, rabin mawaƙin kawai suka sani.

Me ya sa ake cewa ɗan kasuwa ne?

Wannan ɓangare ne aka fi mantawa, alhali shi ne ya fi nuna irin kaifin tunaninsa. A wancan zamani mawaƙi baƙar fata yakan rubuta waƙa, ya rera, kamfani ya ba shi 'yan kuɗi ko mota, haƙƙin mallakar waƙar ya tafi har abada. Kuɗin gaske kuwa a haƙƙin mallaka yake, domin duk sanda aka sa waƙar a rediyo ko wani ya sake rerawa, mai haƙƙin ake biya. Cooke ya gane haka da wuri. Shi da amininsa J. W. Alexander, wanda shi ma daga waƙar bishara ya fito, suka kafa Kags Music don riƙe haƙƙin waƙoƙinsa. A 1959, shekarar da Berry Gordy ke kafa harsashin kamfanin faifai na Motown a Detroit, suka buɗe kamfanin faifai na SAR a Los Angeles tare da S. R. Crain na Soul Stirrers.

SAR ba wurin ajiye suna ba ne. Cooke da kansa yake shiga situdiyo yana rubuta wa matasa waƙa yana koya musu yadda ake furta ta. A can Johnnie Taylor ya fara waƙar duniya, Billy Preston ya yi faifai yana yaro, 'yan gidan Womack kuma suka tashi daga waƙar bishara suka zama Valentinos. A 1964 ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Rolling Stones suka sake rera waƙar Valentinos mai suna "It's All Over Now", ta zama lamba 1 ta farko da suka samu a Ingila. Bobby Womack, wanda ya rubuta ta, ya fusata da farko, sai da kuɗin marubuci suka fara shigowa ya fahimci abin da maigidansa ke nufi da riƙe haƙƙi.

Baƙar fata ɗan shekara 28 ya mallaki kamfanin faifai da na haƙƙin waƙa a Amurkar 1959, a lokacin da a jihohi da yawa ba zai iya shan ruwa a famfo ɗaya da farar fata ba. Wannan ma gwagwarmaya ce, ko da ba a fita titi da kwalaye ba.

Ya shiga gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe?

Ya shiga, ta hanyarsa. Ya daina shafa man miƙar da gashi ya bar sumarsa yadda Allah ya yi ta, tun kafin hakan ya zama yayi. Mai karatu ne sosai, yana bin rubuce-rubucen marubuci baƙar fata James Baldwin da tarihin baƙaƙe. A 1961 ya ƙi hawa dandali a Memphis saboda an ware wa baƙaƙe wurin zama daban.

Sai abin da ya faru ranar 8 ga Oktoba 1963 a Shreveport ta jihar Louisiana. Ya kama ɗaki ta waya a otal ɗin Holiday Inn, da suka iso shi da matarsa da ɗan'uwansa da Crain, ma'aikacin ya ga launinsu ya ce babu wuri. Cooke ya ƙi tafiya shiru, ya ɗaga murya, matarsa na roƙonsa ya bari don ta san abin da kan biyo baya a Kudu. Suka bar wurin, 'yan sanda suka bi su suka kama su da laifin tada hankalin jama'a. Wannan mutum ne da ake sa waƙarsa a kowane gidan rediyo na garin. A 2019 magajin garin Shreveport ya nemi gafarar iyalinsa a bainar jama'a.

Yaya aka yi "A Change Is Gonna Come"?

Abu biyu suka taru. Akwai zafin Shreveport, akwai kuma "Blowin' in the Wind" ta Bob Dylan, wadda ta ba shi mamaki ta kuma sosa masa rai, ganin cewa yaro farar fata ne ya rubuta irin waƙar da ya kamata ta fito daga bakin wani irinsa. Har ya riƙa rera ta a wasanninsa. A ƙarshen 1963 ya zauna ya rubuta tasa.

An naɗe ta ranar 30 ga Janairu 1964 a Hollywood. René Hall ne ya tsara kiɗan, da tarin masu goge irin na Turawa da ƙaho da manyan ganguna. Waƙar ba ta ambaci doka ko ɗan siyasa ba. Mutum ɗaya ne ke ba da labarin kansa: inda aka haife shi, gudun da yake yi tun daga nan, tsoron mutuwa, korar da ake masa a gari, ɗan'uwan da ya je neman taimako wurinsa ya tunkuɗe shi. Bayan kowane baiti sai ya koma kan cewa sauyi na tafe. Ɗan fasto ne ke furta shakka game da abin da ke bayan mutuwa, kuma wannan gaskiyar ce ta sa fatan da ke cikin waƙar ya yi nauyi.

A talabijin sau ɗaya ya rera ta, ranar 7 ga Fabrairu 1964 a shirin Tonight Show, kuma gidan talabijin ɗin bai adana hoton ba. Bayan kwana 2 mawaƙan Ingila na Beatles suka bayyana a shirin Ed Sullivan, hankalin ƙasa ya koma can. Ta fito a kundin "Ain't That Good News", amma a matsayin faifai mai zaman kansa sai ranar 22 ga Disamba 1964, kwana 11 bayan rasuwarsa, a bayan waƙar rawa mai suna "Shake", kuma an yanke baitin da ya fi fito da maganar wariya fili. Masu gwagwarmaya suka ɗauke ta ta zama tasu. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin naɗe-naɗen da ake adana wa tarihi, kuma a daren da Barack Obama ya ci zaɓe a 2008 ya aro kalamanta a jawabinsa na Shikago.

Mece ce alaƙarsa da Muhammad Ali da Malcolm X? Ya musulunta?

Abokai ne. Ranar 25 ga Fabrairu 1964, da Cassius Clay ya doke Sonny Liston a Mayami ya zama zakaran duniya, ya kira Cooke cikin fagen dambe ya yaba shi a gaban kyamara. A daren suka taru a masaukin Hampton House tare da Malcolm X da ɗan wasa Jim Brown. Cikin 'yan kwanaki Clay ya bayyana addininsa ya zama Muhammad Ali. Fim ɗin "One Night in Miami" na 2020 a kan wannan dare aka gina shi, amma hirar da ke ciki ƙirƙirar marubuci ce, kada a ɗauke ta tarihi.

Cooke bai musulunta ba, a coci aka yi masa jana'iza. Abin da ya haɗa shi da su shi ne ra'ayin cewa baƙar fata ya tsaya da ƙafarsa ya mallaki abinsa. Malcolm bai daɗe a bayansa ba, an harbe shi ranar 21 ga Fabrairu 1965.

Yaya rayuwar gidansa take?

Ba ta yi daɗin muryarsa ba. Matarsa ta farko, Dolores, ta mutu a haɗarin mota a 1959 bayan sun rabu. Shi ma a 1958 ya tsallake rijiya da baya a wani haɗari a Arkansas, direbansa ya mutu, Lou Rawls ya kwana da yawa bai san inda yake ba. Ya auri Barbara Campbell, wadda ya sani tun ƙuruciya a Shikago, suna da 'ya'ya 3. A 1963 ƙaraminsu, Vincent, ɗan wata 18, ya faɗa wurin ninƙaya na gidan ya mutu. Makusantansa sun ce daga nan bai koma daidai ba, ya ƙara shan giya, gidan ya yi sanyi.

Yana da raunin mata, ya kuma haifi 'ya'ya a waje. Ba a rufe wannan don ana son waƙarsa, domin akwai matan da suka sha wahalar abin.

Yaya ya mutu?

A daren 10 ga Disamba 1964 ya fita cin abinci a Hollywood, ya haɗu da wata budurwa, suka ƙare a wani ƙaramin masauki mai araha, Hacienda, a kudancin Los Angeles. Budurwar ta shaida cewa ta nemi ya kai ta gida ya ƙi, ya yi ƙoƙarin yi mata fin ƙarfi, ta samu sarari ta gudu da tufafinta haɗe da nasa. Matar da ke kula da masaukin ta shaida cewa ya zo ofishinta a fusace, daga shi sai kwat da takalmi, ya ɓalle ƙofa yana neman yarinyar, suka yi kokawa, ta ɗauko bindiga ta harbe shi. Harsashi ya same shi a ƙirji. Kwamitin binciken mutuwar ya zauna bayan 'yan kwanaki, ya yanke cewa kisan na kare kai ne, aka rufe magana.

Dubban mutane suka yi layi cikin sanyin Shikago don ganin gawarsa, har da Muhammad Ali. An sake yin wani taron a Los Angeles inda Ray Charles ya rera waƙa, aka binne shi a maƙabartar Forest Lawn ta Glendale.

Me ya sa mutane da yawa ba su yarda da wannan bayani ba?

Saboda binciken gajere ne ƙwarai, lauyan iyalin bai samu damar yin tambayoyi yadda ya kamata ba, kuma 'yan sandan Los Angeles na wancan lokaci ba su saba wahalar da kansu kan gawar baƙar fata ba. Mawaƙiya Etta James, wadda ta ga gawar, ta rubuta cewa raunukan da ke jikinsa sun wuce abin da aka bayyana. 'Yan'uwansa sun ce halin da aka siffanta ba nasa ba ne. Daga nan zato ya yi yawa: wasu su ce fashi aka shirya masa, wasu su ce harkar kuɗin waƙa ce, wasu su ce siyasa.

Har yau ba a kawo hujjar da ta tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya tabbata shi ne ba a yi masa binciken da ya kamaci kowane ɗan Adam ba. Kuma son da ake masa bai kamata ya sa a yi watsi da shaidar matan nan biyu kai tsaye ba, domin gaggawar da ta cuci iyalinsa ita ce ta bar su su ma cikin zargi.

Wa ya mallaki waƙoƙinsa yanzu?

Nan ne abin baƙin ciki. A 1963 ya ɗauki Allen Klein, akanta mai zafin nema, ya taya shi kwato kuɗinsa daga RCA. Klein ya kwato, ya kuma shirya sabuwar yarjejeniya da ta ba wani kamfani mai suna Tracey, sunan 'yar Cooke, ikon mallakar naɗe-naɗensa. A takarda kuwa Klein ne ya zama mai Tracey. Cooke ya mutu bai bar wasiyya ba, SAR ya rufe, kuma a ƙarshe haƙƙin waƙoƙin ya tattara a hannun kamfanin Klein, ABKCO. Klein ɗin nan ne daga baya ya riƙe harkokin Rolling Stones da na Beatles.

Barbara ta auri Bobby Womack wata 3 bayan rasuwar, abin da ya jawo musu baƙin jini ƙwarai. 'Yarsa Linda ta zama marubuciyar waƙa, ita ce ɗaya daga cikin mawaƙa biyu na ƙungiyar Womack & Womack.

Su wa suka gaje shi?

Aretha Franklin ta san shi tun tana yarinya ta hanyar mahaifinta, Fasto C. L. Franklin na Detroit, kuma sawunsa ta bi da ta bar waƙar coci a 1960. Otis Redding ya sa waƙoƙinsa 3 a kundin "Otis Blue" na 1965, a shekarar kuma Supremes suka yi kundi guda don tunawa da shi. Marvin Gaye, Al Green da Rod Stewart duk sun sha daga gare shi. Yana cikin rukunin farko da aka shigar zauren girmamawa na Rock and Roll a 1986, aka sake shigar da shi a 1989 tare da Soul Stirrers, aka kuma ba shi Grammy ta aikin rayuwa a 1999.

Kiɗan da ya taimaka aka haifa ya bazu a Afirka ta Yamma bayan mutuwarsa. Geraldo Pino na Saliyo ya cika gidajen rawa na Legas da sol, James Brown ya zo Najeriya a 1970, sannan a watan Maris 1971 aka yi babban wasan Soul to Soul a babban birnin Ghana, da Wilson Pickett da kuma Staple Singers, ƙungiyar da ita ma daga majami'un Shikago ta fito.

Da me zan fara saurare?

Ka bi shi yadda ya zo. Fara da "Touch the Hem of His Garment" don ka ji ɗan coci, sai "You Send Me" don ka ji abin da ya sayar wa Amurka, sai "Bring It On Home to Me". Idan dare ya yi, kundin "Night Beat" na 1963, wanda aka yi da 'yan makaɗa kaɗan, Billy Preston na kaɗa ogan, abin kiɗa mai maɓallai irin na coci, yana ɗan shekara 16. "A Change Is Gonna Come" kuma ka tabbata cikakkiyar ka samu, mai baitin da aka yanke. Bayan duk waɗannan sai ka kunna wasan Harlem Square daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba. Bai kai minti 40 ba, kuma yana nan a YouTube da Spotify.